Littafin aikin gano hasken tasbahar Hajiya

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Na buɗe wannan littafi ne domin in riƙa rubuta abin da na gwada da abin da na gani a kan wata tambaya da ta taso a gidanmu daren jiya, wadda na kasa amsawa. An ɗauke wuta bayan sallar isha'i, muna zaune a ɗakin Hajiya mahaifiyata saboda sanyin hunturu, sai tasbaharta da ke rataye a ƙusa kusa da taga ta fito fili a cikin duhu, ƙwayoyinta suna ba da wani haske kore-kore mai laushi. Tun da ta zo da ita daga Makka muke ganin haka, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa a kai. Autata, wadda take aji huɗu a firamare, ita ce ta ce: "Baba, ina tasbahar Kaka take samun wuta, alhali ba ta da pil?" Na ce mata hasken rana take sha. Sai ta ce to a ina take ajiye shi, kuma me ya sa rana fara ce amma abin da tasbahar take fitarwa kore ne. A nan maganata ta ƙare, domin ni malamin firamare ne, kuma abin da na sani na kimiyya bai wuce wanda na taho da shi daga lise ba.

Da safen nan na ba da labarin a ƙofar gida, sai wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi shekaru yana aiki a Arlit, inda ake haƙar yuraniyom, ya ce a yi hattara da duk abin da yake haske da kansa, domin ya ji an ce agogunan da akwai guba a fuskarsu. Maganarsa ta mayar da abin daga sha'awa zuwa damuwa. Hajiya takan yi awoyi da tasbahar nan a hannunta, kuma na sha ganin jikanta da ke rarrafe yana kai ta baki. Saboda haka tambayoyina biyu ne: daga ina hasken yake fitowa, kuma ko yana da illa ga wanda yake riƙe da shi.

Lahadi, 5 ga Janairu

Na share ƙaramin ɗakin da muke ajiye buhunan hatsi, na toshe tagarsa da kwali, na rataya bargo a bakin ƙofa, har ya zama ko da tsakar rana mutum ba ya ganin tafin hannunsa a ciki. Daga nan muka bi gida ni da yarinyar muna tattara duk abin da wani ya taɓa cewa yana haske da dare. Mun samu tasbahar, da agogon hannuna mai alamu masu haske, da tsohon agogon tebur na marigayi mahaifina, da wasu taurarin roba da yara suka manna a bango, da rigar ɗan kabu-kabu mai zanen azurfa da ƙanena ya bari a wurinmu.

Rarrabewa ta farko ta zo da sauƙi. Rigar ɗan kabu-kabu ba ta ba da komai ba a cikin duhu, ko da na shanya ta a rana tukuna, amma da na haska ta da tocila ina riƙe da tocilar kusa da idona sai zanen ya yi fari fat. Wato ita mayar da haske take yi zuwa inda ya fito, kamar idon kyanwa ko allunan kan hanyar Maraɗi idan fitilar mota ta same su, kuma da zarar an kashe fitila sha'aninta ya ƙare. Na cire ta daga lissafi. Tasbahar da taurarin da agogon hannuna kuwa duk sun ci gaba da haske bayan an shiga da su duhu, suna dusashewa a hankali. Tsohon agogon tebur ya ɗan yi wani haske mai rauni na daƙiƙu kaɗan, sannan ya mutu.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na je Kasuwar Dole na sayi wata tasbaha mai haske da niyyar in yi gwaji da ita in bar wa Hajiya tata, amma a hanyar dawowa na ga cewa hakan ba zai amsa tambayar ba, tunda tata ce abin zargi. Gwajin da nake so shi ne a hana tasbahar ganin kowane irin haske na kwana uku. Idan wutar daga cikinta take, za a same ta tana haske yadda aka bar ta, idan kuwa aro take yi, za a same ta baƙa.

Na roƙi Hajiya ta ara mini. Ta dube ni ta ce: "Kai da kishiyata kun sa wa tasbahata ido. Ɗauki, yatsuna suna nan, da su na fara lazimi kafin in san tasbaha." Na naɗe ta a baƙin ƙyalle, na sa a gwangwanin madara mai murfi, na sa gwangwanin a cikin akwatin ƙarfe, da ƙarfe takwas na dare.

Lahadi, 12 ga Janairu

Da dare na shiga ɗakin duhu da akwatin, na zauna rabin awa ban buɗe shi ba domin idona ya saba, sannan na buɗe da laluben hannu. Ban ga komai ba. Ina jin ƙwayoyin a tafina amma idona bai kama ko alamarsu ba. Na kunna tocila a kansu na minti guda na kashe, sai ga su kore shar kamar ba abin da ya faru. Tasbahar Hajiya aron haske take yi, ba ta da wuta tata.

Tun da yamma na kai wa wani abokin karatuna, wanda yake koyar da fizik a wata lise a nan Damagaram, labarin abin da nake yi, kuma shi ne ya bayyana mini tushen maganar dattijon. Maganar gaskiya ce, kuma tarihinta mai ɗaci ne. Bayan Marie Curie da mijinta Pierre sun gano wani sinadari mai suna radiyom a Faransa a 1898, sai masana'antu suka fara gauraya shi da garin da ke haske, suna shafa wa lambobi da hannayen agogo. Shi radiyom yana harba wasu ƙananan ɓarɓashi dare da rana ba hutawa, su kuma suna bugun garin yana ba da haske, saboda haka irin wannan agogo ba ya bukatar rana ko kaɗan. A Amurka, a garin Orange na jihar New Jersey, daga 1917 an ɗauki ƴan mata aikin shafa wannan fenti, aka koya musu su riƙa tsine bakin buroshi da leɓunansu domin zanen ya fita siriri. Jikin mutum yana ɗaukar radiyom kamar sinadarin gina ƙashi, ya kai shi ya ajiye a ƙasusuwa, daga nan ya yi ta cin su daga ciki. Haƙoransu suka zube, muƙamuƙansu suka ruɓe, da yawa suka mutu suna da ƙuruciya. Biyar daga cikinsu sun kai ƙara, aka sasanta a 1928, amma an ci gaba da amfani da radiyom a fuskar agogo har cikin shekarun 1960. Na daɗe ina tunanin waɗannan ƴan mata a daren nan, domin abin da ya ja hankalin ɗiyata shi ne ya ja nasu, kuma su ba su samu wanda ya gaya musu gaskiya ba.

Malam, wato wannan abokin nawa, ya ja mini kunne a kan abu guda wanda da ni kaɗai ne da ban gano shi ba. Ya ce gwajin duhu ya isa ga tasbahar roba, amma bai isa ga tsohon agogon tebur ba. Radiyom yana ɗaukar shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare, garin da ke ba da hasken kuwa harbin yana lalata shi cikin ƴan shekaru, saboda haka agogo yana iya daina haske kwata-kwata alhali gubar tana nan daram. Agogon mahaifina tsoho ne, kuma lambobinsa sun yi launin ƙasa-ƙasa. Ba zan buɗe gilashinsa ba, ba zan kankare fentinsa ba, kuma na ɗauke shi daga ɗakin kwana na kulle shi inda yara ba sa kaiwa, har sai an auna shi da na'urar auna tururin, wato wannan harbi da radiyom yake yi.

Na mayar wa Hajiya tasbaharta na gaya mata sakamakon. Abin da ya rage game da jariri shi ne haɗarin da ke tare da kowace tasbaha, wato igiya ta tsinke ya haɗiye ƙwaya, kuma wannan ya isa dalilin hana shi.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau na koma kan tambayar yarinyar ta biyu, wato zancen launi. Na bar tasbahar da na saya da taurarin roba a duhu tun jiya, sannan na riƙa cika fuskar salulata da launi ɗaya ina kifa ta a kansu na minti biyu. Ja bai yi komai ba, ko da na ƙara lokacin zuwa minti biyar. Kore ma kusan haka. Shuɗi kuwa ya tashe su sarai. Fitilar kananzir, wadda haskenta ya karkata ga ja da rawaya, ta ba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, farar tocila ta fi ta nesa, rana kuma ta fi su duka.

Bayanin da na samu shi ne haske yana zuwa ne a ƙulli-ƙulli, kuma ƙarfin kowane ƙulli ya danganta da launinsa: na ja ya fi rauni, na kore ya fi shi, na shuɗi ya fi na kore, sannan akwai wanda ya wuce shuɗi, ultrabayolet, wanda ido ba ya gani amma yana cikin hasken rana. Yawan ƙulli ba ya maye gurbin ƙarfinsa, kamar yadda yara ɗari ba za su jefa dutse ya haye katanga ba idan hannun kowannensu bai kai ba. Garin da ke cikin robar yana karɓar ƙulli mai ƙarfi, wani kaso ya tafi a matsayin ɗumi, ragowar ya fito da launi mai rauni, shi ya sa shuɗi ke shiga kore ya fito. George Stokes ne ya rubuta wannan ƙa'ida a Ingila a 1852.

Wani mai shagon salula ya ara mini ƙaramar fitilar da yake duba jabun kuɗi da ita, mai ba da ultrabayolet. Ita ce ta fi saurin cika tasbahar, kuma ta nuna mini wani abu dabam. Farar shaddata da aka wanke da garin sabulu ta yi wani shuɗin haske mai ƙarfi a ƙarƙashinta, wasu alamu sun bayyana a jikin takardar jaka goma, amma da na kashe fitilar duk suka ɓace nan take. Wannan ɗan'uwan abin da nake bincike ne, bambancinsu shi ne wannan ba ya ajiya, yana karɓa yana mayarwa a lokaci guda. Malam ya ce kunama ma haka take yi a ƙarƙashin wannan fitila. Na rubuta cewa zan gwada idan zafi ya shigo suka fara fitowa.

Laraba, 22 ga Janairu

Kwana uku ina ƙoƙarin auna tsawon lokacin da kowane abu yake yi yana haske, amma lissafin ya ƙi daidaituwa, yau in samu minti ashirin gobe in samu fiye da awa. Laifin daga wurina yake. Ina duba lokaci a fuskar salula, kuma duk dubawa ɗaya tana rushe sabon da idona ya yi da duhu, wanda yake bukatar minti ashirin zuwa talatin kafin ya cika. Na soke duk abin da na rubuta. Daga yanzu yarinyar za ta zauna a waje da agogo, in na kira ta rubuta lokaci. Na kuma lura cewa idan hasken ya yi rauni sosai launin kore yana ɓacewa ya koma toka-toka, kuma na fi ganinsa idan na kalli gefensa maimakon in zuba masa ido. Ƙwayoyin ido da ke aiki a duhu ba sa rarrabe launi, kuma sun fi yawa a gefe.

Asabar, 25 ga Janairu

Wannan ita ce rana mafi amfani tun da na fara. Tun farko ina kwatanta tasbahar da manyan duwatsun nan na Birni, waɗanda suke shan rana wuni guda, in ka jingina da su bayan magariba ka ji suna huci. Malam ya ce kwatancin ya kama rabin gaskiya, tunda duka ajiya ce da sakewa, amma tasbahar ba zafi take ajiyewa ba, kuma zafi wani aiki dabam yake yi mata. Ya ce in gwada in gani.

Na ciro taurari uku iri ɗaya daga bango, na shanya su tare a rana na minti biyar, na ƙulle kowanne a farar leda, na shiga duhu da kofi uku: ɗaya da ruwan zafi daga fulas, ɗaya da ruwan randa, ɗaya da ƙanƙara. Wanda na tsoma a ruwan zafi ya yi wani irin tashi, haskensa ya ninka har ina ganin bakin kofin, amma bai daɗe ba ya faɗi ƙasa da na ruwan randa. Na cikin ƙanƙara ya dusashe tun farko kamar zai mutu. Bayan rabin awa na ciro shi na jefa a sabon ruwan zafi, sai ya farfaɗo ya fi sauran biyun haske. Ashe sanyi bai kashe shi ba, riƙe masa ajiyarsa ya yi. Na maimaita sau uku ina sauya taurarin, sakamakon bai canja ba.

Ga yadda na fahimci abin, kuma na karanta wa Malam ya amince. A cikin robar akwai gari mai ƙananan ƙwayoyi, kowace ƙwaya ƙwayoyin zarra ne a jere cikin tsari, amma da gangan aka cusa wasu baƙin zarra kaɗan a tsakaninsu. Idan haske mai ƙarfi ya faɗo, yakan ɗaga wasu elektiron, wato ƙananan ɓarɓashin da ke cikin zarra, daga mazauninsu zuwa sama. A shadda mai sabulu, nan take suke faɗowa su mayar da hasken. A garin tasbaha kuwa akwai wasu gurabe a cikin tsarin inda elektiron yake faɗawa ya maƙale, ba ya iya komawa gida sai an girgiza shi ya fito, kuma abin da ke girgiza shi shi ne ɗumin da ke cikin abin, domin zafi ba komai ba ne illa motsin zarra. Duk wanda ya kuɓuta ya koma mazauninsa sai ya saki ƙulli ɗaya na koren haske.

Domin in bayyana wa yarinyar, na ɗauko tandar waina ta mahaifiyarta na zuba gero a gurabenta. Da na riƙa kaɗa ta a hankali, ƙwaya ɗaya-ɗaya ke tsalle waje, geron ya daɗe bai ƙare ba. Da na kaɗa da ƙarfi sai ya watse a lokaci guda, da na ajiye ta kuwa ba abin da ya fita. Ta duba ta ce: "To Baba, da bazara tasbahar Kaka za ta fi saurin mutuwa ke nan." Haka lissafin ya nuna, kuma na rubuta shi a cikin abubuwan da za a gwada a watan Afrilu a kwatanta da na yanzu.

Alhamis, 30 ga Janairu

Daren jiya babu wata, muka daɗe a ƙofar gida da dattijon Arlit ina ba shi labarin inda aka kwana. Ya ce shi dai a duk shekarunsa can bai taɓa ganin dutsen yuraniyom ko garinsa yana haske a duhu ba, kuma wannan daidai ne, domin tururin da kansa ido ba ya ganinsa. Amma akwai igiyar da ta haɗa aikinsa da tasbahar, kuma na ji daɗin gaya masa ita. A watan Fabrairu na 1896 a birnin Paris, Henri Becquerel yana binciken irin wannan haske na aro, yana shanya gishirin yuraniyom a rana a kan farantin ɗaukar hoto da aka naɗe da baƙar takarda. Hadari ya rufe gari, sai ya ajiye kayan a aljihun tebur. Ranar 1 ga Maris ya wanke farantin, ya tarar da hoton gishirin ya fito sosai ba tare da rana ba. Ta haka aka gano cewa yuraniyom yana fitar da tururi daga cikinsa, kuma shi ne ma'adinin da aka fara haƙa a Arlit a 1971. Gwajinsa da nawa na gwangwanin madara iri ɗaya ne, sai dai shi abin nasa bai mutu a duhu ba.

Shi kansa hasken aro an san shi tun kafin nan da daɗewa. A farkon shekarun 1600 wani mai ɗinkin takalma a Bolonya ta Italiya, Vincenzo Casciarolo, ya gasa wani dutse mai nauyi da gawayi yana neman zinariya, sai ya samu dutsen da ke shan rana ya yi haske da dare. A 1669 kuma Hennig Brand a Hambug ta Jamus ya tace fosfor daga fitsari, shi ma yana haske, amma nasa ci ne a hankali da iskar da muke shaƙa, ba ajiya ba. Sunan fosfor ya bi duk garin da ke haske har yau, ko da yake babu fosfor a cikin tasbaha. Hasken maƙesu da muke gani da damina a bakin tafki shi ma na haɗuwar sinadarai ne a jikin ƙwaron, ba ruwansa da shan rana.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Da sabon tsarin awo lissafi ya daidaita. Dare huɗu a jere ina cika kayan da farar tocila na minti biyar da ƙarfe tara. Tasbahar Hajiya da taurarin roba suna farawa da kyau, amma kafin awa guda sun yi rauni ƙwarai, kafin tsakar dare kuma ba na ganinsu. Agogon hannuna kuwa ina iya karanta shi har kiran assalatu, muddin ban kunna fitila kafin in duba ba.

Dalilin bambancin shi ne gari iri biyu ne a kasuwa. Tsohon shi ne haɗin tutiya da farar wuta da aka sa wa ɗan jan ƙarfe, wanda Théodore Sidot ya haɗa irinsa a Faransa a 1866. Yana da araha, shi ya sa ya yawaita a kayan wasa, amma gurabensa ba su da zurfi, geron yana saurin ƙarewa. Sabon kuwa kamfanin Nemoto na Japan ne ya fito da shi a 1993, haɗin sitironsiyom da alminiyom da iskar oksijin, wanda aka cusa wa yurofiyom da disfurosiyom kaɗan. Yurofiyom ne ke ba da koren haske, disfurosiyom kuma yana taimakawa wajen samar da gurabe masu zurfin da ya dace. Ya fi tsohon haske da daɗewa kusan sau goma, kuma babu tururi a cikinsa. Kore kuwa shi ne launin da idon mutum ya fi kamawa, saboda haka ko ya yi rauni ana ganinsa. Daga yadda suke mutuwa na karkata ga cewa tasbahar Hajiya tsohon gari ne a cikinta, agogona kuma sabo.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Tambayoyin biyu da na fara da su sun samu amsa, amma aikin ya haifi na uku. Hajiya ta yi tuntuɓe a dokin ƙofarta a makon jiya da asuba, an ɗauke wuta kuma tocilarta ta shige ƙarƙashin gado. Allah ya kiyaye ba ta ji rauni ba. Azumi saura kamar mako biyu, kuma za ta riƙa tashi sahur a cikin duhu, saboda haka na yanke shawarar in sa alamu masu haske a dokin ƙofar, da matakala biyu na tsakar gida, da hannun butarta, da jikin tocilar kanta.

Taurarin roba ba za su yi ba, tunda sun mutu kafin lokacin da ake bukatarsu. Na ba wani ɗan kasuwa da ke zuwa Kano saƙon sabon garin, ya kawo mini ƙaramin ƙulli jiya, kuma gwajin daren jiya ya nuna yana kaiwa asuba. Na gwada shi a kan guntayen katako uku. Wanda na gauraya da farin fenti ya yi rauni sosai, domin fentin ya rufe ƙwayoyin ya hana haske shiga da fita. Wanda na gauraya da banish marar launi a kan katako tsirara ya fi shi. Mafi kyau shi ne wanda na fara shafa wa farin fenti ya bushe, sannan na ɗora banish mai garin a kai, saboda farin yana turo hasken waje. Malam ya gargaɗe ni cewa ruwa yana lalata wannan gari idan ba a rufe shi ba, don haka buta da matakala za su bukaci shafi na biyu na banish zalla a sama.

Matsalar da ban warware ba ita ce ta cikin ɗaki. Matakalar tsakar gida tana shan rana wuni guda, amma dokin ƙofar yana ƙarƙashin rumfa, kuma rabon da yake samu kaɗan ne. Gobe bayan na taso daga makaranta zan ajiye guntun katakon a daidai wurin, in bar shi da abin da yake samu na hasken rumfa da na ƙwan lantarki na farkon dare, in duba shi da ƙarfe huɗu da rabi na asuba har kwana uku. Idan bai kai ba, yarinyar ta ɗauki alkawarin haska shi da tocila kowane dare kafin ta kwanta, sai mu auna minti nawa ne zai isa.